GOBIR: BAKIN IYAKA KO TSAKIYAR GIDA? Tsokaci a kan Manufofin Gwamnati na Raya Ƙasa a Sabon Birni da Isa





1. Gabatarwa

Da takardar gayyata ta iso gare ni, na ga kan maganar da aka ɗora mini, sai na ce a raina, ina ruwan malamin Hausa da manufar gwamnati ta raya ƙasa? Ai wannan fagen injiniyoyi ne da masana tattalin arziki. Daga baya na tuna cewa kowace manufa, kafin ta zama rijiya ko hanya ko madatsar ruwa, da magana take farawa. Mu kuwa magana ita ce gonarmu. Saboda haka da kalmomi biyu zan buɗe jawabina.

Ta farko ita ce "raya". Bahaushe yakan ce an raya maraya, an raya kufai, an raya dare da ibada. A duk waɗannan wurare mai rayawa yana tare da abin da yake raya, ba ya ajiye shi ya juya baya. Ta biyu ita ce "ɗorewa", wadda muke fassara sabon salon ci gaba da ita tun bayan rahoton hukumar Brundtland na 1987, wanda ya yi kira da a biya bukatun mutanen yau ba tare da an cinye rabon na gobe ba. A kan wannan tushe ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara muradai 17 a 2015, da fatan cim musu kafin ƙarshen 2030. To, amma kalmar tamu ta fi ta Turawa bayani. "Ɗorewa" 'yar'uwar "ɗori" ce. Maɗori ba ya zuwa da sabon ƙashi a cikin jaka, wanda ya tarar shi yake haɗawa. Haka mai ɗora igiya, a kan guntun da ke hannu yake ƙulla sabo.

Abin da nake so in tabbatar a yau ke nan: aikin gwamnati a ƙasar Gobir yana ɗorewa ne gwargwadon yadda aka ɗora shi a kan abin da mutanen wurin suka sani, suka kuma ɗauka nasu ne. Zan duba wannan ta fuskoki uku, watau ruwa da itace da iyaka.

2. Ƙasar da Muke Magana a Kanta

Wanda ya buɗe taswira a Abuja zai ga Sabon Birni da Isa can a ƙurya, inda Jihar Sakkwato ta yi iyaka da Zamfara da Jamhuriyar Nijar. A ƙidayar 2006 an sami mutane sama da 207,000 a Ƙaramar Hukumar Sabon Birni, sama da 146,000 kuma a ta Isa. Gobirawa ne da Fulani da Buzaye da sauransu, manoma da makiyaya da masunta da fatake.

Amma wannan ƙurya a da tsakiya ce. A nan Alƙalawa take, birnin Bawa Jangwarzo, wanda ya faɗa hannun masu jihadi a 1808. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya suka kafa Tsibiri, kusa da Maraɗi. A rabi na biyu na ƙarni na 19 Ɗan Halima ya baro Tsibiri saboda rikicin sarauta ya kafa Sabon Birni. Isa kuwa ta tashi a matsayin ribaɗin Daular Usmaniyya, kuma a fadarta ne daga baya Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir Amadu kiɗa, har sunan garin ya shiga kowane gida a ƙasar Hausa.

Sa'an nan Ingila da Faransa suka zo suka ja layi. Sun yi yarjejeniya a 1890, suka sake a 1898, suka gyara a 1904 da 1906, sa'an nan jami'ansu, Tilho da O'Shee, suka bi ƙasa suna kafa alamu daga 1906 zuwa 1908. Tsibiri ta faɗa wa Faransa, Sabon Birni ta faɗa wa Ingila, alhali gida ɗaya ne, tsagar fuska ɗaya, karin harshe ɗaya. Daga ranar nan Gobir ta zama bakin iyakar ƙasashe biyu. Mai tsara manufa a babban birni yana kallon ta a matsayin ƙarshen hanya. Mai zaune a cikinta kuwa gida yake gani, da dangi gabas da yamma da arewa.

3. Ruwa

Arzikin wannan yanki fadama ce. Gulbin Bunsuru da na Gagare suna gangarowa daga ƙasashen Katsina da Zamfara su ratsa ƙasar Isa. Gulbin Maraɗi kuma yana tasowa daga Katsina, ya shiga Nijar, ya dawo Nijeriya ta wajen Sabon Birni. Haɗuwarsu ce take ba da Gulbin Rima. Tun kaka da kakanni, idan ruwa ya yi ambaliya da damina yakan shimfiɗa sabuwar laka, a shuka shinkafa. Idan ya janye a yi noman rani, masunta su shiga tafkuna, shanu su sauko su ci ragowar ciyawa su bar taki. Kowa ya san lokacinsa, kuma akwai sarkin noma da sarkin ruwa da arɗo masu sasantawa idan an sami saɓani.

Bayan farin 1972 zuwa 1974 gwamnati ta ƙudurta cewa maganin yunwa shi ne manyan madatsun ruwa. An kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima a 1973. Aikinta na farko mai girma ba a Gobir aka yi shi ba, a Bakolori ne, kusa da Talatar Mafara, a kan Gulbin Sakkwato, amma dole in ambace shi domin shi ne madubin abin da ya biyo baya. An gama madatsar a 1978. An tashi ƙauyuka, an karɓe gonaki ana gyara su shekara da shekaru, diyya kuma ta yi ta jan ƙafa. Da manoma suka tare hanyoyin aikin, a watan Afrilu na 1980 aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka zubar da jini. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen wurin suna cewa ɗaruruwa ne suka mutu. Daɗin daɗawa, binciken da W. M. Adams ya yi daga baya ya nuna cewa manoman fadamar da ke ƙasa da madatsar sun yi hasarar shinkafa da kifi, saboda ambaliyar da suka dogara da ita ta ragu. Ba su cikin lissafin waɗanda suka tsara aikin.

Mu dawo Gobir. A yau ƙasar Isa da Sabon Birni tana tsakanin madatsu. Daga sama akwai Zobe a kan Karaɗuwa, wadda take ciyar da Bunsuru, da Jibiya a kan ruwan da yake zama Gulbin Maraɗi. Daga ƙasa akwai Goronyo, wadda aka gama a 1984, aka tsara ta ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 942. Kowace ɗaya tana da amfaninta, birnin Sakkwato ma daga Goronyo yake shan ruwa. Amma ranar buɗe ƙofa da ranar rufe ta ba a hannun manomin fadama suke ba. A watan Satumba na 2010 ambaliyar Rima ta cinye gonaki da gidaje a ƙananan hukumomi masu yawa, har ta karya gadar da take kai mutum mazaunin Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A farkon 2018 kuma ruwan Goronyo ya ja baya har hukuma ta ce abin da ya rage bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Nijeriya da Nijar sun sa hannu a Maiduguri a 1990 kan rabon ruwan da suka haɗa, har da Gulbin Maraɗi. Tambayata ita ce, manoma nawa ne a bakin gulbin aka taɓa karanta wa wannan yarjejeniya da harshen da suke ji?

Ko shirin Fadama, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa tun farkon shekarun 1990, ya koya mana darasi. Ya yi nasara domin ya ba ƙaramin manomi ƙaramin injin ban-ruwa da rijiyar da zai iya kula da ita da kansa. Sai dai da noman rani ya faɗaɗa, a wurare da dama ya toshe burtali da mashaya. Dokar keɓe wuraren kiwo ta Jihar Arewa tana nan tun 1965, amma kaɗan daga cikin wuraren ne aka tabbatar a hukumance, aka kuma tsare. Sai a kashi na biyu na shirin aka fara zaunar da makiyayi da masunci tare da manomi a ƙungiya ɗaya.

Bari in ƙara da abin da na gani da idona. Bayan na dawo daga karatu a ƙasar waje na je tattara karin magana a wani ƙauye gabas da Sabon Birni. A bakin gari na tarar da rijiyar burtsatse da tanki da allo rubuce da Turanci, ba ko ɗigon ruwa. Kusa da ita ga tsohuwar rijiya, mata sun yi layi. Na tambayi wani dattijo, na ce, "Baba, me ya sami wannan?" Ya ce, "Ɗana, ta gwamnati ce, ba su zo sun gyara abinsu ba." Na ce, "Waccan fa?" Ya ce, "Wannan tamu ta, kowace bazara muna yashe ta." Kuɗin da aka kashe a kan sabuwar ya ninka na tsohuwar sau da yawa. Abin da tsohuwar ta fi ta da shi mai ita ne kawai.

4. Itace

Tun ƙarshen shekarun 1970 ake shirin dashen itatuwa a jihohin da hamada take yi wa barazana. Kowace damina babban mutum ya zo ya dasa dogon yaro ko turare, a ɗauki hoto, rani ya yi awaki su gama da saura. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, Nijeriya kuma ta kafa wa shirin hukuma ta musamman a 2015, Sakkwato tana cikin jihohi 11 da aka sa a gaba. Niyya mai kyau ce. To, amma ku tsallaka iyaka ku ga abin da 'yan'uwanmu na ƙasar Maraɗi suka yi.

A can ma an daɗe ana dashe ana hasara. A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsiron da manoma suke sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ne, tohon kututturan itatuwa ne waɗanda saiwoyinsu suke da rai a ƙarƙashin ƙasa. Idan manomi ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ya bar su, ya datse saura, cikin 'yan shekaru sai ga itace tsaye, ba dashe, ba ban-ruwa. Mutanen Nijar suka raɗa wa abin suna "sassaben zamani". Ba baƙon ilmi ba ne, kakanninmu sun san darajar gawo, wanda yake kaɗe ganyensa da damina ya bar gero ya sha rana, ya kuma ba dabbobi inuwa da 'ya'ya da rani. Kalgo da sabara da magarya da aduwa duk suka dawo. Masu bincike, irin su Chris Reij da Gray Tappan, sun ƙiyasta cewa filin da ya farfaɗo ta wannan hanya a Nijar ya kai kimanin hekta miliyan 5, itatuwa kuwa kimanin miliyan 200.

Mene ne ya canza? Tun zamanin Faransa doka ta mai da itatuwa mallakar hukuma, manomi yana iya shan tara a kan itacen da ke tsakiyar gonarsa. Wa zai rena abin da zai jawo masa tara? Da ƙarfin ma'aikatan daji ya ragu, sa'an nan dokokin karkara na 1993 da na daji na 2004 suka ƙara wa manomi iko, sai ya fara kallon itacen a matsayin nasa. Tsakanin Sabon Birni da Gidan Runji tafiyar 'yan sa'o'i ce. Ilmin da muke ɗauko masana daga Turai su koya mana yana nan a hannun surukanmu.

5. Iyaka da Tsaro

An rufe iyakokin ƙasa daga 1984 zuwa 1986. An sake rufe su daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, har aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka sake rufewa sai Maris 2024. Kowace rufewa tana da dalilinta a Abuja. Amma a Gobir ma'anarta ita ce kasuwar mako ta mutu, man injin ban-ruwa ya yi tsada, saurayin da yake ci da dako ya koma bin hanyar daji. Akwai dokar Hukumar Raya Garuruwan Kan Iyaka tun 2003. Ina ganin aikinta na farko shi ne ta faɗa wa gwamnati abin da kowace rufewa take jawo wa waɗannan garuruwa tun kafin a rufe.

Malam Shugaba, ba zan yi wa masu sauraro adalci ba in ban taɓo abin da ya fi ci wa kowa tuwo a ƙwarya ba. A watan Mayu na 2020 'yan bindiga sun kashe mutane fiye da 70 a rana ɗaya a Garki da ƙauyukan da ke kewaye da ita. A 2021 an katse layukan waya a yankin, aka rufe kasuwanni, kuma a watan Disamba na shekarar aka ƙone matafiya a cikin mota a kusa da Gidan Bawa. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Allah ya jiƙan su baki ɗaya. Dubban mutane sun tsallaka zuwa ƙasar Maraɗi, kuma kafin wata hukuma ta kafa musu tanti, dangi ne suka buɗe musu ɗakuna.

Ban ce madatsa ko burtali su kaɗai suka haifi wannan masifa ba. Akwai makamai da suka bazu a Sahel, akwai rashin adalci a wurin shari'a, akwai mugunta tsagwaronta. Amma barewar bango ita take ba ƙadangare wurin shiga. Inda hukuma ba ta bayyana sai ranar zaɓe, inda manomi da makiyayi suka rasa dandalin sasantawa, ɓarna ba ta shan wahalar samun masauki. Kuma babu wani shirin raya ƙasa da zai yi ma'ana ga mutumin da sai ya biya ɗan bindiga haraji kafin ya girbe gonarsa.

6. Wani Misali daga Nesa

Wannan matsala ta babban birni da bakin ƙasa ba mu kaɗai ta dama ba. A 1974 gwamnatin Kanada ta naɗa alƙali Thomas Berger ya bincika shirin shimfiɗa bututun gas ta kwarin Kogin Mackenzie, a arewacin ƙasar, mazaunin 'yan asali irin su Dene da Inuit. Bai tsaya a zauren birni ba. Ya bi garuruwa 35 ya saurari mafarauta da masunta da tsofaffi mata da harsunansu, rediyo kuma tana watsa bayanan da waɗannan harsuna. A 1977 ya ba da shawarar a dakatar da aikin shekara 10 har a warware maganar mallakar ƙasa. Taken rahotonsa ma ya haɗa kalmomi biyun da na sa a kan wannan lacca, watau bakin iyaka da gida.

Tarihin Gobirawa daban yake da na Dene, kuma Nijeriya ta ƙaurace wa ƙuri'a lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da sanarwar haƙƙin 'yan asali a 2007. Duk da haka ƙa'idar da ke cikinta, cewa a nemi yardar mutane kafin a taɓa ƙasarsu da ruwansu, ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Shawara muke kiranta, kuma mun ce mai shawara aikinsa ba ya ɓaci.

7. Shawarwari

An sa hannu a dokar kafa Hukumar Raya Arewa maso Yamma a 2024. Ga ita da gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi, da ku ma'aikata da kuke rubuta takardun da ake sa wa hannu, ina da shawarwari biyar.

Na ɗaya, tsaron hanyar gona da hanyar kasuwa shi ne aikin raya ƙasa na farko, a sa shi a kan gaba a cikin kasafi.

Na biyu, kada a buɗe wani aiki sai an san wanda zai gyara shi da kuɗin da zai gyara shi, an kuma koya wa 'yan garin gyaran.

Na uku, a rubuta a doka, a kuma yi shela, cewa itacen da manomi ya rena a gonarsa nasa ne. A ɗebi manoman Isa da Sabon Birni a kai su Tsibiri su ga sassaben zamani.

Na huɗu, a ba iyayen ƙasa da sarakunan noma da na ruwa da arɗo-arɗo da wakilan mata kujera a inda ake yanke ranar sakin ruwan madatsu, a kuma sanar da ranar a rediyo tun da wuri. A wannan zaman ne za a sake shata burtali da mashaya.

Na biyar, duk takardar da ta shafi gona ko diyya ko ruwa a rubuta ta da Hausa, boko da ajami, a kuma bayyana ta da Fulatanci. Wannan aikinmu ne, mu na sashen harsuna, kuma ina kira ga ɗalibaina su ɗauke shi da muhimmanci.

8. Kammalawa

Da yawa daga cikinku, ɗalibai, gobe ku ne za ku zauna a kujerun da ake tsara waɗannan manufofi. Ranar da fayil ɗin wani ƙauye na Gobir ya zo teburinku, ku tambayi kanku tambayar da dattijon nan ya koya mini a bakin rijiya: idan an gama wannan aiki, mutanen garin za su ce "na gwamnati ne", ko za su ce "namu ne"? In amsar ta farko ce, ku mai da fayil ɗin, ku hau mota ku je ku zauna da su tukuna.

Allah ya kawo wa ƙasar Gobir zaman lafiya, ya mai da waɗanda suka yi hijira gidajensu, ya ba mu damina mai albarka.